Mitar Gas ta Zamani a Gidajen Birtaniya: Yadda Ake Karanta Ta da Yadda Ake Zama da Ita

Mutanenmu da Allah ya nufa da zama a ƙasar Birtaniya, ko don neman ilmi, ko don aikin asibiti, ko don wata sana'a, galibinsu sun baro gida ne da sanin gas iri guda, watau na tukunya, wanda ake ɗora wa babur a kai wurin masu durawa, a auna shi a kan sikeli, a biya, a dawo. Ran da ya ƙare kuwa, wutar da ta mutu ƙarƙashin tukunyar miya ita ce sanarwa. A can ba haka al'amarin yake ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidajen ƙasar gas yana zo musu ne ta bututu a ƙarƙashin ƙasa, dare da rana, kuma da shi ake girki, da shi ake ɗumama ruwan wanka, da shi ake ɗumama ɗakuna a hunturu. Saboda haka mutum ba ya ganin abin da ya saya, ba ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ba shi da wata shaida a kan abin da ya ci illa na'ura guda da ke zaune a bakin bututun tana ƙidaya. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a cikin ciniki a san adadin abin da aka saya, domin jahiltarsa ita ce ƙofar garari da husuma. A cinikin gas na bututu kuwa, wannan sani duka ya rataya ne a wuyan mita, kuma wanda bai iya karanta ta ba ya miƙa wuya ga duk abin da aka rubuto masa.

Tun cikin ƙarni na 19 ake auna gas a gidajen Ingila, zamanin da gas ɗin kansa daga kwal ake fitar da shi, kafin a juya ƙasar baki ɗaya zuwa gas na ƙarƙashin Tekun Arewa tsakanin 1967 da 1977. Tsohuwar mita ba ta da aiki sai ƙidaya. Ma'aikacin kamfani ne yakan zagayo lokaci-lokaci ya kwafi lambar, idan kuwa ya tarar da gida a kulle, sai kamfani ya yi kintace ya aiko da takarda, kuma duk wanda ya taɓa karɓar takardar kuɗin lantarki ta kintace a gida Nijeriya ba sai an bayyana masa ɗacin wannan ba. Mitar zamani an zo da ita ne don a rufe wannan ƙofa: tana awo kamar yadda ta dā take yi, sa'an nan ta aika da lambar da kanta zuwa ga kamfani. Gwamnati ta fara ɗibar wa aikin wa'adin ƙarshen 2020, bai kammalu ba, aka yi ta ƙara masa lokaci. Ya zuwa ƙarshen 2024 an kafa wajen miliyan 38, na gas da na lantarki a haɗe, watau kusan biyu bisa uku na mitocin gidaje da ƙananan wuraren sana'a. Wannan bayani duka a kan Ingila da Sikotland da Wels yake, domin Ailan ta Arewa tsarinta daban ne.

Awon kansa iri biyu ne. Irin na farko, wanda ya fi daɗewa, aikinsa kamar zuga-zugin maƙeri ne: a cikin akwatin ƙarfen akwai jakunkuna biyu, gas ya cika ɗaya yana tura ɗaya ta fitar da nata, suna yi bi da bi, kuma da yake an san iyakar abin da kowace jaka ke ɗauka, ƙidaya yawan cika da fitarwa ita ce ƙidaya gas. Wanda ya kasa kunne kusa da ita sa'ad da ake ɗumama gida yakan ji ɗan motsinta. Irin na biyu ba abin da ke motsi a cikinsa. Yana aika wata ƙara wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, sau ɗaya ta bi gudun gas, sau ɗaya ta saɓa masa, daga bambancin lokacin da ta ɗauka sai ya san saurin gudun, daga saurin kuma ya fitar da adadi. Dukkansu biyu abin da suke aunawa shi ne girman wurin da gas ya cika, da ma'aunin kubik mita, wanda za a gani an rubuta m³ a gefen lambar. A riƙe wannan, domin kamfani ba da kubik mita yake sayarwa ba, kuma za mu zo kan lissafin.

Yadda take aika saƙo shi ne abin da mafi yawan mutane suka jahilta, alhali kuwa daga nan ne kusan dukkan matsalolinta ke tasowa. Mitar gas ba a haɗa ta da wutar gida ba, saboda hikimar da ba ta ɓuya ga mai hankali, watau nisanta tartsatsi daga gas; batir ne a cikinta, wanda aka yi shi ya kai shekara goma ko fiye. Don tattalin wannan batir, barci take yi mafi yawan lokaci, fuskarta a duhu, sai bayan kowane rabin sa'a ta farka ta yi magana da wani ƙaramin akwatin sadarwa da ke ɗore a kan mitar lantarki, ta ba shi lambarta, ta karɓi saƙon da ke jiranta, ta koma. Shi akwatin ne ke miƙa labari waje, ta hanyar sadarwa ta musamman wadda wani kamfani mai lasisin gwamnati, DCC, ke kula da ita. A kudanci da tsakiyar ƙasar an gina ta a kan layin wayar salula, a arewacin Ingila da Sikotland kuwa a kan rediyo mai dogon zango. Ba ta bukatar intanet ɗin gidanka ko kaɗan. Abin da ya biyo baya a nan shi ne, idan mitar gas tana waje a gefen gida, ta lantarki kuwa tana can cikin wani lungu, da katanga mai kauri a tsakaninsu, ko kuwa gidan bene ne mai hawa da yawa inda aka tara mitoci a ƙasa, to muryar ɗaya ba lalle ta isa ga ɗaya ba, sai ta gas ta yi shiru, ta koma tamkar tsohuwar mita, tana awo daidai amma ba wanda ke jin ta.

Ranar da ka karɓi mabuɗin gida, kafin ka kunna murhu, wajibi ne ka nemo mitar. Takan kasance a cikin farin akwati a jikin bangon waje, ko a wani akwati mai ruwan ƙasa da aka binne rabinsa a gindin bango, ko ƙarƙashin matakalar bene, ko cikin kabad ɗin kicin. Akwatin waje da wani ɗan mabuɗi mai baki kusurwa uku ake buɗe shi. Idan maigidan haya bai ba ka ba, ana sayar da shi da araha a shagunan kayan gini. Ka buɗe, ka share yanar gizo-gizon da ba a rasa ta a wurin, za ka ga bututu ya fito daga ƙasa, da wani mariƙi a jikinsa, sa'an nan wani abu mai kama da ƙaramin faifai wanda ke rage ƙarfin gas kafin ya shiga, sa'an nan mitar. Ka danna maɓalli don ta farka. Masu maɓallan A da B galibi A ake dannawa. Masu jerin lambobi irin na tarho galibi 9 ake dannawa, a jira har kalmomin su wuce lambar da ke da m³ ta bayyana. Za ka ga wani abu kamar 00482.137. Lambobin da ke gaban ɗigo su ne karatu, watau 482. Na bayan ɗigo ba a kai wa kamfani su. Ka ɗauki hotonta da waya, yadda lambar da ke buge a jikin mitar za ta fito a hoton tare da karatun, domin a gidajen da aka raba ɗaki-ɗaki ba abin mamaki ba ne a ɗora wa mutum mitar maƙwabcinsa, kuma ba a gane wannan sai an gwada lambar jikin mita da wadda ke kan takardar kuɗi.

Sa'an nan ka nemi sanin kamfanin da ke ba gidan gas, daga maigidan haya ko daga hidimar Find My Supplier, ka sanar da su ranar shigarka da karatun da ka ɗauka. Kada ka ce ai mitar zamani ce, sun riga sun sani. Ko da sun san lambar, ba su san ranar da wancan ya fita kai ka shiga ba, kuma bashin wanda ya gabace ka ba ya hawa kanka matuƙar kana da hujja.

Yanzu sai lissafi, wanda na fi so mai karatu ya dakata a kansa da alƙalami a hannu. Kamfani yana sayar da zafin da ke cikin gas ne, da ma'aunin kilowat-awa, wanda ake taƙaitawa kWh, kuma hanyar juyawa daga kubik mita zuwa gare shi ƙa'ida ce guda ga kowa, ana buga ta a kan takardar kuɗi. A ɗauka ran ɗaya ga wata mita ta nuna 482, bayan kwana 30 ta nuna 612. Bambancin 130 ke nan. Sai a ninka 130 da 1.02264, wadda lamba ce tsayayya da ake gyara awo da ita saboda gas yana kumbura yana tsukewa gwargwadon zafi da matsi. A sami 132.94. Sai a ninka wannan da ƙarfin zafin gas na wannan lokaci, wanda yakan ɗan sauya gwargwadon inda gas ɗin ya fito, galibi tsakanin 38 da 41, kuma kamfani zai rubuta wanda ya yi aiki da shi. Mu ɗauki 39.5, a sami 5,251. Daga ƙarshe a raba da 3.6, a sami kilowat-awa 1,459. Idan, alal misali, ana sayar da kowane ɗaya kwabo 6, a kwabon Ingila da ɗari ke yin fam guda, kuɗin gas ya kama fam 87 da 'yan kai. A kan wannan akwai kuɗin kullum wanda ake biya ko an kunna ko ba a kunna ba, saboda zaman bututu da mita. Idan kwabo 30 ne a rana, fam 9 ke nan a wata. Akwai kuma harajin kashi 5 cikin ɗari, sai a duba ko an riga an sa shi cikin farashin ko a ƙasa aka ƙara. Farashin nan biyu misali ne kawai na kawo, domin hukumar Ofgem tana sabunta iyakar farashi kowane wata uku, kuma naka yana kan takardarka. Wanda ba ya son dogon lissafi ya riƙe cewa kubik mita ɗaya kilowat-awa 11 ne da ɗan ɗoriya. Da wannan kaɗai zai iya kama babban kuskure.

Tare da mita ana ba da wani ƙaramin allo da ake jonawa a soket a ajiye a kicin ko falo, yana nuna abin da aka ci yau, da na mako, da na wata, da fam da kwabo. Ɓangaren lantarki yana sauyawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ɓangaren gas kuwa sai bayan rabin sa'a, saboda barcin nan da muka ambata. Kada wanda ya kunna murhu ya ga allo bai motsa ba ya zaci ya lalace. Fa'idarsa babba, a ganina, ita ce yana wanke wanda ake zargi bisa zalunci. A gidajen mutanenmu, idan takardar hunturu ta zo da nauyi, uwargida ake fara duba, a ce wake da ganda da ƙafar sa da take barin su a wuta tun hantsi su suka cinye kuɗin. Alhali kan murhu matsakaici wajen kilowat biyu yake ci a sa'a. Girkin sa'a uku kilowat-awa shida ke nan, kwabo 36 a farashin misalinmu, a ranar da gidan gaba ɗaya ya ci kusan kilowat-awa hamsin. Sauran duka boila ce ta sha, watau na'urar nan da ke maƙale a bango tana dafa ruwan da ke zagaya ƙarafan ɗumama ɗakuna da na wanka. Wanda ke son ya tabbatar, ya dubi allon a ranar da aka yi girki mai yawa ba a ɗumama gida ba, ya sake dubawa a ranar sanyi da ba a dafa komai ba sai shayi. Daga nan zai san inda ya kamata ya sa hannu: ya daidaita ma'aunin zafin ɗaki tsakanin 18 da 21, ya sa wa boila lokutan kunnawa da kashewa, ya rage ƙarafan ɗakunan da ba a kwana a ciki. A 2023 Ofgem ta ƙiyasta gida matsakaici da kilowat-awa 11,500 a shekara, amma rabon ba daidai yake ba, domin watannin sanyi ne ke kwashe mafi yawansa. Kada a firgita da takardar Janairu a ninka ta sau goma sha biyu.

Allon nan mai ba da labari ne kawai. Hujja tana ga mitar. Idan suka saɓa, maganar mita ake ɗauka.

Alamar cewa mita ta daina aika saƙo tana kan takardar kuɗi, inda a gefen kowane karatu ake sa harafi ko kalma mai nuna asalinsa, kuma harafin E shi ne na kintace. Ba ƙaramin adadi ne ke cikin wannan hali ba. Alƙaluman gwamnati na ƙarshen 2024 sun nuna wajen ɗaya cikin goma na mitocin zamani ba sa aika saƙo, kuma na gas sun fi yawa a cikinsu. Wasu tun daga zubin farko ne, wanda ake kira SMETS1, waɗanda suka riƙa yin shiru da zarar mutum ya sauya kamfani, har aka fara mayar da su kan hanyar DCC daga 2019. Wasu kuwa katanga ce ko nisa. Idan ka ga kintace, ka karanta mitar da idonka ka aika musu kowane wata, ka kuma nemi su gyara, domin akwai akwatin sadarwa mai zango biyu wanda muryarsa ta fi ratsa bango. Shawarata ma ita ce ko tana aiki lafiya, ka riƙa buɗe akwatin nan sau ɗaya a wata kana gwada abin da ka gani da abin da aka rubuto; aikin minti biyu ne. Idan sakacin kamfani ne ya sa ba a caje ka daidai ba, ƙa'idar Ofgem ta hana su bin ka kuɗin abin da ya wuce wata 12 baya, muddin ba kai ka hana su karatu ba. Idan kuka yi jayayya, ka shigar da ƙara a rubuce wurin kamfanin. Bayan mako takwas ba a warware ba, kana da ikon kai ta gaban ofishin sauraron ƙorafi na Energy Ombudsman kyauta, kuma ofishin Citizens Advice yana ba da shawara ba da ko kwabo ba. Wanda ya yi zaton awon kansa ne ya karkace yana iya neman a cire mitar a kai ta gwaji, sai dai ya sani idan aka same ta daidai, ana iya ɗora masa kuɗin aikin.

Mita ɗaya ce ke aiki ta fuska biyu: ko a ci gas a biya daga baya, ko a biya tukuna a ci, kuma kamfani yana iya juya ta daga wannan zuwa wancan ba tare da ya tako gidan ba. Wanda ke kan biya-tukuna yana sa kuɗi ta manhajar waya, ko a shagunan da ke da alamar PayPoint ko Payzone, kuɗin ya tafi mitar da kansa. Amma da yake sai ta farka take karɓar saƙo, yakan ɗauki rabin sa'a, wani lokaci har sa'a guda. Idan bai iso ba, a jikin rasit akwai lamba mai alƙalami 20, irin wadda muka saba dannawa a mitar lantarki ta kati a gida, sai a shigar da ita da hannu a mitar ko a allon. Saboda haka kada a yar da rasit kafin a ga kuɗi ya shiga.

Idan kuɗi ya ƙare, bawul ɗin da ke cikin mitar yakan rufe, kuma a nan akwai abin da ke rikita baƙo: ya sa kuɗi, ya ga sun shiga, amma murhu ya ƙi kamawa. Dalili shi ne an hana mitar buɗe kanta, don kada gas ya dawo ya tarar da murhun da aka bari a buɗe ba kowa a kusa. Sai ka kashe kowane kan murhu, ka kashe boila, ka je wurin mitar ka tashe ta, ka bi umarnin da ta nuna, galibi danna maɓalli a riƙe shi 'yan daƙiƙoƙi, har ka ji ɗan ƙaran buɗewar bawul. Idan ta ji gas yana gudu nan take, takan sake rufewa, alamar akwai abin da ke buɗe. Akwai kuma ɗan rancen gaggawa da ake iya karɓa daga mitar ko allon idan kuɗi ya yi ƙasa, wanda za a cire daga abin da ka sa na gaba. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na lokacin zafi: mutum ya daina ɗumama gida a watan Mayu, ya daina sa kuɗi, ya manta kuɗin kullum yana nan yana taruwa, wata huɗu a kwabo 30 fam 36 ne, sai ran da sanyin Oktoba ya fara, ya sa fam 20, mitar ta haɗiye su ba ta ba shi ko ɗumin hannu ba. Maganinsa a riƙa sa kaɗan-kaɗan ko ba a kunna komai.

Wannan iko na juya mita daga nesa shi ne abin da ya fi cancantar a yi hattara da shi. A farkon 2023 jaridar The Times ta fallasa yadda ake shiga gidajen masu rauni da ƙarfi ana kafa musu mitar biya-tukuna saboda bashi, aka dakatar da aikin, sa'an nan a watan Nuwamba na shekarar aka kafa sharuɗɗa masu tsanani, waɗanda suka haɗa har da juyawa daga nesa: ba a tilasta wa gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyu, ko tsohon da ya haura 75 ba shi da mai taimaka masa, ko mai ciwon da sanyi zai tsananta shi ƙwarai. Amma kamfani ba ya sanin gaibu. Idan a gidanka akwai jariri, ko mai juna biyu, ko mai ciwon sikila, ko tsoho, ka sanar da su, ka nemi a sa ku cikin rajistar masu bukatar kulawa ta musamman, wadda kowane kamfani ke da ita kuma kyauta ce. Idan biya ya fara yi maka nauyi kuma, ka riga su magana, kada kunya ta sa ka yi shiru har takardu su taru.

Wanda gidansa ke da tsohuwar mita, karɓar ta zamani ba tilas ba ne, kuma ba a biyan kuɗin kafawa a ranar. Ɗan haya da ke biyan kuɗin gas da sunansa yana da ikon nema, sai dai ladabi da yarjejeniyar haya suna bukatar ya sanar da maigida. Aikin yakan ci wajen sa'a guda ga kowace mita, dole baligi ya kasance a gida, za a yanke gas na ɗan lokaci, ma'aikacin ya gwada bututu ya tabbatar ba ya yoyo, ya sake kunna na'urori, ya nuna maka yadda allon ke aiki. Ka nemi katin shaidarsa kafin ya shiga, ka ɗauki hoton karatun ƙarshe na tsohuwar mitar kafin ya tafi da ita. Kana kuma da zaɓi a kan yawan karatun da kamfani zai riƙa ɗauka, na wata-wata, ko na kullum, ko na kowane rabin sa'a.

Saura mas'alar da ta fi duk waɗannan nauyi, domin ta shafi rai. Kada sunan zamani ya ruɗi kowa ya zaci mitar nan tana gadin gida. A Japan, inda girgizar ƙasa ta koya musu darasi, mitocin gidaje sukan rufe da kansu idan ƙasa ta motsa da ƙarfi ko gas ya yi ta gudu fiye da al'ada. Ta Birtaniya ba a yi ta don ta shinshino yoyo ba, hancinka ne zai yi wannan. Gas na bututu asalinsa ba shi da wari, ana zuba masa wani sinadari mai ɗoyi da gangan don a ji shi, kuma ya saɓa wa na tukunya ta wata fuska: na tukunya ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, na bututu kuwa ya fi ta sauƙi, yana tashi sama ya taru a rufi. Idan ka ji warin, kada ka kunna fitila kada ka kashe, kada a ƙyasta ashana, a kashe turaren wuta idan yana ci, a buɗe ƙofofi da tagogi, a je ga mariƙin nan da ke jikin bututu kafin mita a juya shi rubu'in zagaye: idan yana kwance tare da bututu a buɗe yake, idan ya gicciye shi ya rufe. In mitar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take, kada a sauka. A fita waje a kira 0800 111 999, kyauta ne, dare da rana. Wanda ke shakka ko akwai ɗan yoyo da hanci bai kama ba, ya kashe duk abin da ke cin gas, ya rubuta lambobin nan uku na bayan ɗigo, ya dawo bayan sa'a guda. Idan sun motsa, ya kira lambar. Taɓa mita ko zagaye ta da wani bututu laifi ne a doka, kuma ya sha rusa gidaje da mutanen da ke ciki da maƙwabtansu.

Haɗari na biyu ba shi da wari sam, shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ke fita idan gas ko gawayi bai ƙone sarai ba. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne tsayayye. Idan ya koma rawaya yana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara taruwa a jikin boila, ko mutanen gida suna ciwon kai da jiri da kasala waɗanda ke sakinsu idan sun fita waje, to a kashe na'urar a nemi taimako. Doka ta wajabta wa maigidan haya ya sa ma'aikaci mai rajistar Gas Safe ya duba na'urorin gas kowace shekara ya ba ɗan haya takardar shaida, kuma a Ingila, tun Oktoban 2022, ya sa ƙararrawar wannan iska a ɗakin da boila take. Ina jan kunnen mutanenmu musamman a kan kaskon garwashi: abin da muke yi da shi a ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina lokacin hunturun gida, idan aka yi shi a ɗakin Ingila mai tagogi ninki biyu da aka toshe kowace kafa, don gudun lambar da ke hawa a allo, yana iya kashe iyali a cikin barcinsu.

Idan zama ya ƙare za ka tashi, ka sanar da kamfani aƙalla kwana biyu kafin ranar, ka ɗauki hoton karatun ƙarshe a ranar da ka miƙa mabuɗi, ka ba su adireshin da za su same ka. Ƙa'ida ta ba su mako shida su aiko da takardar ƙarshe, da kwana goma na aiki bayanta su mayar maka da rarar kuɗinka idan akwai, saboda haka mai komawa gida Nijeriya ko Nijar kada ya yi gaggawar rufe asusun bankinsa na can. Ƙaramin allon kuma a bar shi a kicin tare da wayar cajinsa, domin an ɗaura shi ne da mitocin wannan gida, ba zai yi aiki a wani ba.